Laimar da Ta Cinye Ragunan Aisa

Raguna huɗu kaɗai Aisa ta iya korowa ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Da su ta shigo Maiduguri, ta raɓe a Bulumkutu kusa da wani garken shanu. Ba miji, ba gona. Ragunan nan su ne abincin 'ya'yanta in an sayar da su da Babbar Salla.

Sai ta shagwaɓa su fiye da 'ya'yan cikinta. Rana na takewa, za ta kwarara ruwa a turkensu don su ji sanyi, kashi da fitsari su jiƙe su zama caɓi. Gidan sauronta ma su ta rataya wa.

Wata yamma maƙwabcinta Dzarma, ma'aikacin lafiyar dabbobi, ya leƙo. Ya ga wasu mitsi-mitsin ƙudaje na tashi daga caɓin kamar hayaƙi.

"Ya Aisa, ki busar da wurin nan," in ji shi. "A laima ƙudajen nan suke ƙyanƙyasa. Su sha jinin shanun can, su dawo su ciji ragunanki. Saniya tana iya zama ɗauke da cuta tana kiwonta lafiya lau, rago ne ba ya jurewa."

Aisa ta yi dariya. "Malam Dzarma, na tsere wa bindiga, sai abin da ko ganinsa ba a yi sosai? Ga gidan sauro ma na sa musu."

"Ta ramukansa suke wucewa."

Ta ce ta ji. Washegari ta ƙara bokiti biyu.

Saura kwana goma Salla, ta tarar da babban ragon ya ƙi dusa, baki ya kumbura, yawu na dalala. Ta buɗe bakin, sai ta ga harshen ya yi shuɗi. Ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Kafin mako ya zagayo uku sun mutu, na huɗun yana ɗingishi, ba mai ko taya shi.

Ta tsaya a turken, ƙafafunta cikin caɓin, ta kasa ko kuka. "Da hannuna na riƙa zuba ruwan," abin da take ta maimaitawa ke nan.

Jama'a, ƙauna ba ta maye gurbin sani. Ku kwashe kashin dabbobi, ku bar turke a bushe, kuma in masani ya yi gargaɗi kada ku raina shi don abin da ya nuna ƙarami ne.