Ƙararrawar Kwamanda Bentsil

Ranar Litinin aka fara kwance Tsohuwa. Haka sojojin ruwa na Sekondi, a ƙasar Ghana, ke kiran jirgin, don shekara arba'in ta yi tana kai wa jiragen yaƙi mai da ruwan sha da buhunan shinkafa a tsakiyar teku, har injinta ya gaji. Duk abin da ke da sauran amfani a jikinta za a ɗora wa ƙanwarta, wani jirgi irinta da ke bakin aiki.

Araba Eshun, mai kula da ɗakin kayan gyara, ita ke karɓar komai. Famfunan mai, janareta, har ƙananan notuna, duk ta rubuta musu lamba da hannunta na hagu. Ƙararrawar jirgin ta tagulla kaɗai ta ce a kai mata ofis.

An riga an yanke cewa Kwamanda Bentsil mai ritaya za a bai wa ƙararrawar ranar bikin sallamar jirgin. Tun yana ƙaramin hafsa yake cikin Tsohuwa, har ya zo ya shugabance ta. Araba kuwa ta tsane shi, irin tsanar da ba ta hucewa. Shi ne ya sa aka kori mahaifiyarta daga ƙofar sansanin sojan, inda take sayar da dokunu, wato tuwon masara na ƙunshi, da soyayyen kifi, a satin da zai auri 'yar babban hafsa. Har tukunyarta aka kifar a kwata. Uwar ta koma talla cikin rana, ƙafafu suka kumbura, ta rasu ba ta sake ambaton sunansa ba. Araba ta rantse sai ta kunyata shi a gaban mutanen da yake yi wa taƙama.

Kwana huɗu ta yi tana goge ƙararrawar. A al'adar jirgi, in an yi wa ma'aikaci haihuwa, akan juya ƙararrawar baki sama, a zuba ruwa a yi wa jaririn baftisma, sannan a zana sunansa da ranar haihuwarsa a ciki. Sunaye goma sha ɗaya ne ake gani. Can gefe akwai wurin da aka cike da baƙin fenti mai kauri. Ta sa tsinken ƙarfe tana binsa a hankali.

"Madam, wannan guga haka, madubi za ki yi da ita?" in ji Papa Ebo, tsohon makaniken jirgin. "Mutumin da ko gaisuwarki ba ya amsawa!"

"Bar ni, Papa. So nake baƙi su ga komai fes."

Papa Ebo ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ta, ya fita.

Ranar biki rumfa ta cika da fararen kaya. Kwamanda ya hakimce a gaba, matarsa a dama, 'ya'yansa maza uku a baya. Ya tashi ya cika baki cewa a zamaninsa ko ƙusa aka canja a jirgin nan sai an rubuta, ba a taɓa ɓoye komai ba. Aka yi ta tafi. Ya karɓi biro da hagu ya sa hannu a takardar kyauta.

Araba ce ta ba sabon limamin cocin sansani shawarar a karanta sunayen kafin a miƙa, wanda ya ji nasa ya tashi ya amsa. Faston ya ji daɗin shawarar ƙwarai.

Ya fara karantawa. 'Ya'yan Kwamanda suka tashi ɗaya bayan ɗaya, uwarsu na murmushi. Bayan na goma sha ɗaya Kwamanda ya miƙo hannu zai karɓa.

"Dakata, ranka ya daɗe, saura ɗaya," in ji faston. "Wannan ma ya girmi duk naka ukun."

Hannun Kwamanda ya tsaya cak. Faston ya gyara tabarau, ya matso da lasifika, ya karanta da ƙarfi: "Araba Bentsil."

Daga kujerar ƙarshe mai kula da kayan gyara ta miƙe tsaye, ta ce, "Ga ni, Baba."