Ƙwallon Dabino Bayan Zana

Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ita ta fara ba ni wannan misali, Allah ya jiƙanta. Ta daɗe tana tuƙa tuwo a wata makarantar kwana ta 'yan mata, idonta kuwa ba ya barci. Tunda an ce kai ma, Nafi'u angona, an ba ka aji ka koya wa 'ya'yan mutane yadda ake zaɓe da mulki, to ajiye wayar nan ka saurara. Bokona bai wuce karanta sunana ba, amma wannan kam na riƙe shi.

A makarantar nan akwai wata malama mai koyar da darasin gwamnati. Ba muguwa ba ce, kada ka ce na ce. Tana son yaran kamar ita ta haife su. Kullum bakinta ba ya gajiya da faɗa musu cewa ƙuri'a amana ce, kuma wanda jama'a suka zaɓa shi ne shugaba ko da ranka bai so ba. Da lokaci ya yi na naɗa wadda za ta riƙe ludayin rabon abinci na ajinta, sai ta ce ba naɗi za a yi ba, zaɓe za a yi irin na manya. Kada ka raina ludayin nan. Ga yarinyar da ke nesa da tukunyar uwarta, ba sarautar da ta kai shi. Aka kafa zana a kusurwar aji, aka ajiye ƙwarya biyu a bayansa, aka ba kowace yarinya ƙwallon dabino guda. 'Yan takara biyu ne. Ɗaya 'yar gaban aji, fes da ita, tambaya ba ta faɗuwa ƙasa sai ta cafe. Ɗayar 'yar bencin baya, ga murya kamar ta mai tallan kifi, jarrabawa da ƙyar take tsallakewa. Sai dai yaran sun san abin da malama ba ta sani ba, don ita ba a ɗakin cin abinci take ci ba: in 'yar baya ta yi rabo, miya tana kaiwa har kwanon ƙarshe.

Da aka gama jefawa, malama ta shiga bayan zana ita kaɗai. Tun kafin ta ƙirga, hannunta ya gaya mata: ƙwaryar 'yar baya ta yi nauyi. Ta ce a ranta, yara ne, ina suka san abin da zai amfane su? Wannan mai hayaniyar za ta wakilci ajina? Sai ta ɗebi cikin tafi guda daga nan ta zuba can. A ganinta gyara ta yi. Ta manta zana ba bango ba ne, duk jikinsa ido ne. Ta fito ta faɗi sunan 'yar gaba, yara suka tafa.

Zangon nan ya wuce lami lafiya, ko kuwa haka ta zata. Ludayin 'yar gaba ya san ƙawayensa: yana nutsewa ƙasan tukunya in sun miƙo kwano, yana shafar sama in saura sun zo. A aji kuwa, in ta tambayi mene ne zaɓe, sai su rera mata amsa baki ɗaya, ba tuntuɓe. Jarrabawa suka cinye ta tas. Abin da ya ragu kawai shi ne gardamar nan da suke yi mata da, da ɗaga hannu ana "Malama, to in shugaba ya ƙi sauka fa?" Ta ɗauka sun girma ne, sun yi hankali.

Sabon zango ya kama, aka sake kafa zana, aka raba ƙwallaye. Yara suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna fita, cikin ladabi. Malama ta shiga, ta ɗaga ƙwarya ta fari, wayam. Ta biyu, wayam. Ta fito da su a hannu, sai ta ga ƙwallayen duka an tara mata a kan teburinta, kusa da alli. Wata ƙaramar cikinsu, wadda kwanonta ke zuwa ƙarshe, ta miƙe ta rusuna, ba da raini ba, ta ce, "Malama, mun ga kada mu wahalar da ke ne. Ki zuba su inda ya dace."

Ranar ba ta iya koyar da komai ba. Ta gane ashe darasi biyu ta ba su, na baki da na hannu, kuma na hannun ne ya zauna.

Washegari da safe ta riga kowa zuwa. Ta naɗe zanan da kanta ta jingine shi a waje, da yara suka zo ta kife ƙoren a gabansu kowa ya ga ba komai, ta ce su jefa su kuma ƙirga da hannunsu. Sannan ta je bencin baya ta zauna, ta harɗe hannuwa. Wasu suka tashi suka jefa. Wasu kuwa, ba zan ɓoye maka ba, suka zauna da ƙwallonsu a dunƙule cikin tafi, suna kallon hannunta. Ba ta tsawata musu ba. Ta san ita ta koya musu.

To angona, ka ji. Hausawa suka ce, gani ya kori ji.