Jini a Zanin Gado

"Da kwaroron roba fa, likita," na ce. "Bai fashe ba. Sai dai matar da na kwana da ita tana al'ada, na ga jini a zanin gado."

Likitar ta turo min takardar gwaji. "Kana ɗauke da HIV, Torleif, amma ba daga wannan matar ba. Robar ta yi aikinta. Cutar ta yi shekaru a jikinka."

Sau ɗaya tak na ci amanar matata Ragnhild cikin shekara goma sha huɗu, kuma wata uku ke nan da yin hakan.

A kicin na same ta, na faɗa mata komai. Ba kuka, ba zagi. Ta ɗauko kwalbar bitamin ɗinta, irin wanda kowa a garinmu Tromsø, can ƙuryar arewacin duniya, yake sha idan rana ta ɓace da hunturu. Ita kuwa har da bazara take sha.

Ta zazzage kwalbar a tebur. Ba bitamin ba ne.

"Maganin HIV ne, ɗaya kullum da safe," ta ce. "Shekara uku ina sha. Haɗiyewa ba wuya, Torleif. Faɗa maka ne ya gagare ni."