Shingen Waya

Tun kafin a buɗe ƙofa tsohuwar nan Mai Safa ta iso, kamar kullum. Masu gadi ne suka raɗa mata sunan, don komai zafin rana ba ta cire safar hannunta. Yau kam mai yankan tikiti bai tsokane ta ba. Cewa ya yi, "Inna, kin ji ko? Gobe za a cire shingen."

Ta ji mana. Wurin tsohon asibitin kutare ne da aka mayar gidan tarihi. Sabon manaja ya ce baƙi suna fita da jajayen idanu, don haka za a sauya jigon zagayen da ake yi da su, a bar labarin rabuwa a koma labarin magani da waraka. Inda shingen wayar da ya raba tsakar gidan yake kuwa furanni za a shuka. Furanni! Sai ka ce ƙamshi mutane suke zuwa shaƙa a asibitin kutare.

Mai Safa ba ruwanta da ɗakin magani da gadajen ƙarfe. Shingen ne ke kawo ta, kuma ayarin jagora ɗaya take bi, wata doguwa mai sanyin murya wadda ake shirin bikin 'yarta ta fari. In aka ce jagorar tana hutu, tsohuwa takan juya gida ba tare da ta shiga ba.

Jagorar tana da salonta. Idan an iso tsakar gida sai ta raba baƙi biyu, rabi nan, rabi can bayan waya, ita ta tsaya ta wajen ɗakin reno. Takan ce a da, duk jaririn da aka haifa a nan ɗauke shi ake yi tun bai sha nono ba. Ranar ziyara ma'aikaciya ta ɗaga shi, uwa ta kalla ta cikin waya, ba taɓawa. Wasu iyayen ma da bakinsu suka roƙi a ce wa 'ya'yan sun mutu, don kada su tashi ana nuna su, a guji aurensu da na jikokinsu.

Daga nan sai ta ce kowa ya dubi na gabansa, a yi shiru minti guda, kada kowa ya taɓa waya. Mai Safa ta san inda take tsayawa, daidai gaban jagorar. Wannan mintin ne za a raba ta da shi gobe, kuma ba ta da wani abin da ke tashinta daga shimfiɗa in ba shi ba.

Aka iso tsakar gida, aka rabu biyu. Manaja yana gefe yana duban agogo. Jagorar ta kai ƙarshen labarin, sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa baƙi ba.

"Ni ma a ɗakin can na yi rarrafe. Mahaifiyata ta rasu ina jaririya, ko kamanninta ban sani ba."

Wuri ya yi tsit. Minti ya cika, ba wanda ya motsa. Sai jagorar ta karya dokar da ta kafa da kanta, ta zura yatsunta ta cikin waya.

"Inna, shekara da shekaru kina tsaya mini, ban taɓa tambayarki ba. Kina da wani a nan ne?"

Tsohuwa ta buɗe baki za ta amsa. Ta tuna bikin da ake shiri, ta tuna dangin ango da bakin mutane, ta haɗiye maganar.

"A'a, 'yar nan. Muryarki ce ke mini daɗi."

Ta kama yatsun da abin da ya rage na nata, tana mamakin yadda suka girma, don rabonta da su tun safiyar da ta haifi mai su.