Majanyin da Ba Ya Tsayawa

Tun da aka daina barin iyaye su kwana a ɗakin yara masu tsananin ciwo, asibiti ke ba kowace uwa majanyi. Idan ta ɗaura, sai ta riƙa jin ɗumin ɗanta da numfashinsa a bayanta, alhali yana can a kwance.

Larai na tankaɗe da nata a ɗaure, maƙwabciyarta Iya Kande ta shigo aron turmi.

"Wai da gaske majanyin motsi yake? Bari in taɓa."

Larai ta juya mata baya. Tsohuwar ta ɗora tafin hannu.

"Ikon Allah. Yaron barci yake?"

"Barci yake, Iya. Ɗazu dai ya yi tari."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma in ta Allah ta kasance fa? Majanyin tsayawa zai yi?"

"Ba ya tsayawa. Mu iyaye muka roƙa a yi shi haka. Ba ma son mu ji daga tsumma. Sai mutum ya tako har gida ya faɗa."

Iya Kande ba ta ɗauke hannunta ba. Majanyin na hawa yana sauka.

Sai wata baƙuwar murya ta yi sallama daga zaure.