Mai Sunan Inna

Ina shekara bakwai, wata la'asar na dawo daga rijiya a Filinge ina kuka. Yara sun ce sunan matacciya gare ni, za ta zo ta tafi da ni. Sunan uwar Baba aka sa mini, shi ya sa Inna yake kirana.

Na iske shi yana wasa hauya. Ya share mini hawaye da hannu mai ƙarnin ƙarfe.

"Inna, jiki kaɗai aka ruhe cikin kabari. Ranta na ga Ubangiji, sunanta ga shi nan shina ɗebo mini ruwa."

Jiya aka raɗa wa jaririna sunan marigayi Baba. Ni da tarin yaro kaɗan ke firgita ni, ko gezau ban yi ba. Na karɓe shi na ce, "Baba, sannu da zuwa."