Ya Amsa Laifi Saboda Tattabaru

Wilfred Ackroyd ya shekara sittin da ɗaya a garin Barnsley na ƙasar Ingila bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Tattabarun tsere arba'in yake kiwo a ɗan lambunsa, su ne duniyarsa.

Sai ga shi a kotu, wai ya maka wa maƙwabcinsa Clive shebur a ka. Alhali Clive santsi ne ya kwashe shi ya fasa kai suna musu a kan shinge.

Lauyan da aka ba shi ya tare shi a bakin ƙofa yana duba agogo. Ya ce, "Baba, amsa laifin kawai, yau a gida za ka kwana. In ka musa, tsare ka za a yi wata uku. Wa zai ba tsuntsayen naka hatsi?"

Aka miƙo wa Wilfred takardar da ake sa hannu cewa da son rai aka amsa laifi. Ya sa hannu, ya ƙara ɗan rubutu a ƙasa. Lauya ya cusa ta a jaka bai duba ba.

Alƙali ya ɗaure shi shekara guda.

Yayarsa Doreen ta je gidan yari ta balbale shi. "Kai tun kana goye sakarai ne! Ko kyanwa ba ka iya kora, kai ne mai fasa kai?"

"Yaya, ai na rubuta musu ban yi ba."

"Ka rubuta? A ina?"

Doreen ba ta zauna ba sai da ta samo wata lauya, aka ɗaukaka ƙara, aka tilasta fito da takardar. A gaban alƙalai uku aka karanta rubutun da ya ƙara a ƙasa: "Ban yi ba. Amma tsuntsaye ba su ci ba tun jiya."

Har babban alƙalin sai da ya rufe baki da hannu. Alƙalan suka ce amsar da aka tatso da tsoro da alƙawarin ƙarya ba amsa ba ce, suka soke hukuncin. Clive kuwa ya ƙi zuwa ya rantse cewa an buge shi, magana ta mutu.

Ranar da ya dawo, gidan Doreen ya cika maƙil. Ga soyayyen kifi da dankali, ga shayi buta-buta. Abokansa na tseren tattabaru suna ihu, "A ba da hanya, ga ƙasurgumin ɗan daban Barnsley!"

Doreen ta ce, "Ku bar min ƙanena ya ci, duk ya zama tsinke." Wilfred ya yi dariya har da hawaye.

Amma wata biyar ɗin da ya yi a kulle babu kotun da ta mayar masa, aikinsa na gadi kuma an riga an ba wani.

Mai karatu, ji nan. Kada ka amsa laifin da ba ka yi ba, ko wa ya matsa maka. In ba ka yi ba, buɗe baki ka faɗa a gaban alƙali, da ƙarfi.